Mutuwarka ta Biyu, Malam Kamalu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Kamaldeen Abdulwahab, wanda mutanen Fagge suka fi sani da Malam Kamalu mai rediyo. Ya rasu a gidansa, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun faɗuwar ruwan fari. An sallace shi bayan Azahar, aka kai shi makwancinsa ana yayyafi. Ya bar matarsa, Hajiya Silifat, da 'ya'ya da jikoki.

Malam Kamalu, wannan ne karo na biyu da aka ba da labarin mutuwarka. Na farkon ƙarya ne, kuma an ji shi tun daga Kumasi har Khartum. Na biyun gaskiya ne, amma da ƙyar ya wuce layinku da rumfunan Kantin Kwari. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni Nafi'u Kwaciri, wanda rumfarsa ke kallon taka shekara da shekaru, kuma mataimakinka a ƙungiyar masu sauraron rediyo ta Fagge. Na san an ce a rufa wa mamaci asiri. To, kai ba ka da abin rufewa. Rayayyu ne ke da shi, su kuwa yau ba ni da mayafin da zan ara musu.

A Fagge aka yanke cibiyarka. Iyayenka daga ƙasar Yarabawa suka zo fatauci suka zauna, kai kuma ka tashi da Hausar da ta fi ta wasunmu daɗi. Leshi kake sayarwa a Kwari, amma kowa ya san ciniki abin cin tuwo ne kawai a wurinka. Zuciyarka tana cikin baƙar rediyon nan da ka sa dukawa suka ɗinka wa rigar fata. Ba ruwanka da tashoshin cikin gari da ko jariri zai kamo. Kai ɗan gajeren zango ne, zangon da ke kawo muryoyin ƙasashe masu nisa, wanda sai an lallaɓa shi. A gida ka ja wayar eriya daga tagar ɗakinka har reshen darbejiyar ƙofar gida, yaran layi suna tsammanin igiyar shanya ce. Kai ka koya mini cewa da rana a nemi mita sha shida da sha tara, idan rana ta faɗi a gangara talatin da ɗaya da arba'in da ɗaya. Kai ka koya mini cewa ba a murɗa allura da gaggawa. Sai ka sunkuyar da kai, ka runtse ido ɗaya, yatsu biyu suna tafiya a hankali cikin shuu da ƙara, har wata murya ta fito can ƙasa-ƙasa, ta tafi, ta dawo, ta zauna. A lokacin fuskarka takan yi haske, ko da mai saye na tsaye yana jiran a yanka masa yadi.

Wani lokaci yaren da ka kamo ba wanda ke jin sa a duk layinmu. Na taɓa ce maka ka wuce mana, tunda ba mu san me ake faɗa ba. Ka ce mini, "Malam Nafi'u, mutum ne can yake magana, ya ƙetaro teku ya zo. Ai rashin ladabi ne a katse shi." Haka muka zauna muna sauraron wani bawan Allah yana ta zuba, har ya gama ya sa kiɗa.

Da aka shiga zamanin wayar hannu, 'ya'yanka suka yi ta fama da kai, wai duk abin da kake wahalar nema yana cikin waya, fes, ba shuu. Ka ce abin da ba a sha wuyar kamowa ba, ba a sanin daɗinsa. Wayar dai ka karɓa, don aika saƙo ta fi gidan waya sauri, amma kunnenka bai taɓa barin rediyo ba.

Wanda bai san wannan harka ba zai ɗauka sauraro kawai ake yi. Zumunci ne. Tashoshin ƙetare masu sashen Hausa suna da filin masu sauraro, inda ake karanta saƙonni da gaishe-gaishe. A nan mutum zai gai da wanda bai taɓa gani ba, shi ma wani makon a gaishe shi, har a wayi gari an zama 'yan'uwa da suna kaɗai. Naka sunan ya fi shekara talatin yana yawo a iska. "Kamaldeen mai gajeren zango, Fagge, Kano." Da wuya a karanta jerin gaisuwa daga Damagaram ko Garwa ko Tamale ba a ji shi a ciki ba.

Kuma ba a iska kaɗai ka tsaya ba. Duk mai sauraron da ya zo saro Kwari daga nesa, zaurenka ne masaukinsa. Hajiya Silifat, wadda muke kira Iya Rofiat, ta dafa tuwo ta dafa amala, baƙo ya zaɓa. Da safe ka rufe rumfarka ka shiga gaba, ka kai shi inda ba za a cuce shi ba, alhali ba leshinka zai saya ba.

Kubura mai abinci ta nan Kwaciri tana nan da ranta, a tambaye ta. Yayanta ya fita neman arziki tun tana budurwa, ba amo ba labari, har uwarsu ta rasu da sunansa a baki. Da ka ji, sai ka riƙa saka cigiyarsa a ƙarshen kowane saƙonka. Aka yi wata da watanni, wasu na cewa ka cika naci. Rannan sai ga wani tela daga Garwa ya aiko cewa akwai mai wannan suna yana sayar da goro a bakin tasharsu. Yau mutumin nan yana Kano, jikokinsa suna wasa a tsakar gidan Kubura. Ko ruwa ba ka yarda ka sha a kan wannan ba.

Onyekachi ma yana nan, mai gyaran rediyo a Sabon Gari, Kirista, haifaffen Kano kamar ka. Shi kaɗai ka yarda ya buɗe cikin rediyonka. Kowace Kirsimeti sai ka aika an gaishe shi da iyalinsa, shi da matarsa Veronica su kira maƙwabta su zo su ji an ambaci sunan gidansu daga wata duniya. Ya ce mini tun da aka haife shi ba wanda ya taɓa yi masa irin wannan karamci.

Akwai wata al'ada tamu ta masu sauraro, kuma a kanta duk wannan magana ta rataya. Idan ɗan ƙungiya ya rasu, ƙungiyarsa ke aika wa tasha. Ranar Lahadi da safe a karanta a filin masu sauraro, mai gabatarwa ta yi shiru kaɗan, duk wanda ya ji a inda yake ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a. Makon gaba kuma saƙonnin ta'aziyya su yi ta zuwa. A Fagge kai ke aikawa, kuma kana da doka guda: ba ka aika sanarwar mutuwar kowa sai ka je maƙabarta ka zuba ƙasa da hannunka. Kakan ce gani ya kori ji. Saboda wannan doka taka, tashar nan, wadda ba zan kama sunanta ba don ba ita ta fara laifi ba, ba ta taɓa tsayawa bincike a kan saƙon ƙungiyar Fagge ba. Sun san abin da ya fito daga wurinmu yankakke ne.

Sau da yawa idan mun dawo daga jana'iza kakan ce mini, "Sallar gawa sahu uku ne ko huɗu. Wannan kuwa sahu ne daga bakin teku har Sudan. Ranar da tawa ta zo, kai za ka aika. Kada ka ƙara mini ko Alhaji, ban je ba. Sunan nan da suka sani shi za ka rubuta." Ba ka taɓa roƙona wani abu ba sai wannan. Ba ka da gidan sama, ba ka da mota. Wannan sahun shi ne abin da ka tara.

Sai Alhaji Mainasara.

Bagobiri ne mai sayar da atamfa a bayan layinmu, kuma ɗan ƙungiyarmu ne. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Gobirawa da Yarabawa, tun kaka da kakanni. Ya kira ka bawansa, ka kira shi naka. Ya ɗauke maka hula, ka ɓoye masa takalmi a masallaci. Mu da ke gefe mu sha dariya, kuma ba na musu, kai ma kana jin daɗin abin, don bakinka ba ya mutuwa. Dokar wasan ita ce ba a fushi. Duk abin da abokin wasa ya yi maka sai ka haɗiye ka rama da irinsa. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi, kuma shi za a zaga.

Shekara uku ke nan, zazzaɓi ya kwantar da kai, aka kwana biyu ba a ga rumfarka a buɗe ba. Sai Alhaji Mainasara ya ɗauki waya ya aika wa tashar nan saƙo da sunan ƙungiyar Fagge, ba da nasa ba. Ya rubuta cewa Allah Ya yi wa Kamaldeen mai gajeren zango rasuwa, an yi jana'izarsa.

Iya Rofiat ce ta ba ni labarin safiyar Lahadin nan. Ka ɗan ji sauƙi, kana zaune a tabarma da kofin shayi, rediyo a cinyarka, kana jiran ka ji ko wani ya yi maka ya jiki. Sai mai gabatarwar, wadda ta shekara ashirin tana karanta sunanka, ta ce tana da labari mai nauyi. Muryarta ta karye kafin ta kai ƙarshe. Ta faɗi alheranka, ta tuna cigiyar yayan Kubura, ta ce yau gajeren zango ya yi maraici. Sannan ta yi shirun nan da muka sani. Iya Rofiat ta ce ba ka ajiye kofin ba, ba ka kuma kai shi baki ba. Abin da ka ce kawai shi ne, "Iya Rofiat, yanzu fa suna can suna ɗaga hannu."

Ranar da ka fito kasuwa, tun daga bakin layi aka tare ka da sowa. Alhaji Mainasara yana tsaye a ƙofar rumfarka yana riƙe da ciki.

"Ku zo ku ga bawan nau! Ko mutuwa ta ɗanɗana ta tofar. Marigayi, ina labarin lahira?"

Layi ya ɗauki dariya. Na dubi manya, na ce wannan ba wasa ba ne, an taɓa abin da ba a taɓawa. Aka ce mini in yi shiru, ni ba Bagobiri ba ni ba Bayarabe ba, me ya kai ni shiga tsakanin abokan wasa? Wani dattijon Bagobiri mai sayar da shadda ya ce shi dai a garinsu bai ga ana kai wasa inda waɗanda za su ji ba su san wasa ba ne. Ba wanda ya saurare shi, dariya ta fi maganarsa ƙarfi. Kai kuma ka yi abin da al'ada ta ce. Ka buɗe baki ka yi dariya, ka ce, "Na je na tarar da kakanninka suna share mini ɗaki." Aka sake kecewa. Ni da ke kusa na ga yadda makulli ya ƙi shiga kwaɗo a hannunka.

Bayan kwana kaɗan Malam Harouna ya iso daga Damagaram. Tsoho ne mai ciwon gwiwa, abokinka na iska tun kuna samari, sau biyu kacal kuka taɓa haɗuwa. Ya sha motar haya da shingayen hanya don ya yi wa iyalinka gaisuwa. Ya shigo layi yana salati, ya tarar da kai a ƙofar gida kana gyara wayar eriya. Ka taso da murna za ka rungume shi, ya ja da baya. Ya ce shi ya tara almajiran unguwarsu sun sauke maka Alƙur'ani, ya yi kuka a gaban 'ya'yansa, ashe neman suna kake yi, kana so ka ji abin da za a faɗa a kanka. Ka rantse, na rantse. Ya ce saƙo daga ƙungiyar Fagge ya fito, kuma duniya ta san wa ke aika saƙon Fagge. Ruwan da Iya Rofiat ta kawo masa ko kallonsa bai yi ba. Ka bi shi har bakin titi, ya hau a-daidaita-sahu bai waiwayo ba.

Na aika wa tasha gyara. Na so in kama sunan wanda ya yi, ka hana ni. Ka ce abokin wasanka ne, idan ka kai ƙararsa waje ka zubar da girman iyayenka. Suka karanta gyaran a jimla ɗaya, a ƙarshen shiri, ranar da hadari ya cika iska da ƙara. Mu da ke Kano ma da ƙyar muka tsinci kalmomin. Magana zarar bunu ce. Mutuwar an ji ta tar, tashin kuwa ba wanda ya ji.

Daga nan suka rufe ƙofa. Sun ji kunya a gaban masu sauraronsu, kuma ba su san wa ya yaudare su ba, sai suka daina karanta duk wata sanarwa daga ƙungiyar Fagge, suka daina karanta duk saƙon da ya zo da sunanka. Ban ga laifinsu sosai ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Labari ya bazu zuwa sauran tashoshi, don masu sauraron ɗaya su ne na ɗaya. 'Yan kaɗan da ke da lambarka suka kira, wasu suka yi hamdala, wasu suka yi fushi irin na Malam Harouna. Amma yawancin mutanenka tsofaffi ne da ba ku taɓa musayar komai ba sai suna. Su a wurinsu ka mutu. Kuma ba a gai da mamaci, sai suka cire ka daga jerin gaisuwarsu, ɗaya bayan ɗaya.

Shekara uku, Malam Kamalu. Kowace Lahadi kana zaune da rediyo, ana jero sunayen mutanen da kai ka haɗa su da juna, ana tsallake ka. Kowane mako kana rubuta saƙo kana aikawa, ba a karantawa. Kirsimeti ta zo, Onyekachi da Veronica suka tara maƙwabta kamar kullum, shiri ya ƙare ba su ji komai ba. Washegari ka je Sabon Gari da ƙafarka ka ba shi haƙuri, kamar kai ka yi laifi. Sau ɗaya a shekara kaɗai sunanka ke fita, idan masu sauraron Garwa sun aiko da addu'ar tunawa da marigayi Kamaldeen. Ka ji da kunnenka, ka shafa, ka ce amin.

A kasuwa kuwa sunan ya bi ka. Marigayi ya buɗe rumfa, Marigayi ya tafi masallaci. Masu dako da aka haifa jiya suna kiran ka da shi. Wasu mata masu saye suka riƙa kauce wa rumfarka, wai ba za su ɗinka leshin biki daga hannun wanda aka yi wa ta'aziyya ba. Alhaji Mainasara bai fasa ba ko rana ɗaya. Kuma shi, da yake ba da sunansa ya aika ba, gaisuwarsa tana fita kowane mako lafiya lau. Kana ji ana cewa, "Alhaji Mainasara mai atamfa, Kantin Kwari, yana gai da masoyansa." Ban san irin hukuncin da malamai za su ba wannan ba. Ni dai a wurina kisa ne, sai dai ba a zubar da jini ba.

Duk da haka ba ka kashe rediyo ba. Tashoshi suna ta janyewa daga gajeren zango, wuraren da muka saba tsayawa da allura suka zama shuu zalla, kai kana nan kana lalube. Jikinka ya soma ja baya, dariyarka ta koma yaƙe. Likita ya ce hawan jini ne da suga. Shi abin da awo ya nuna masa ya faɗa.

Zuwana na ƙarshe kana iya magana, Onyekachi na gefe ya kawo maka sabon batir. Ka kama hannuna ka ce, "Malam Nafi'u, ka tuna alkawari. Ka je ka zuba ƙasa tukuna, sannan ka aika. In suka ga gaskiya ce za su karanta. Mutanen kirki ne." Na ce in sha Allahu. Har zuwa lokacin kana kyautata wa kowa zato.

A wurin jana'izarka, ana jiran liman, makara na ajiye, sai ga Alhaji Mainasara. Ya leƙa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ku dai duba shi da kyau kahin ku rufe. Wanga ya saba dawowa."

Al'ada ta ba abokin wasa dama ko a kan gawa, haka aka ce. Kuma wallahi an samu waɗanda suka yi dariya, suna rufe baki da hannun riga. Onyekachi, da ke tsaye can gefe da hularsa a hannu don ba zai shiga sahu ba, ya tako ya tsaya a gabansa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Alhaji, wasa da mutum biyu ake yi. Ɗayan ya tafi." An ce daga baya Alhaji Mainasara ya yi hawaye a motarsa. Ni ban gani ba, kuma kai ka koya mini kada in ba da labarin abin da ban gani ba.

Na shiga cikin masu zuba ƙasa. Ƙasar jiƙaƙƙiya ce, ta manne mini a yatsu. Ban wanke hannu ba sai da na rubuta saƙon, da sunan nan da ka ce, ban ƙara ko harafi ba. Na haɗa da hoton kabarin, na sa sunana da lambata, na rantse musu da Allah.

Ranar Lahadi da safe na je gidanka. Iya Rofiat tana cikin takaba, sai aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, ni da Onyekachi da Kubura. Rofiat, babbar 'yarka, ta fito da rediyon ta ajiye a bakin ƙofar tsakar gida yadda uwarta za ta ji daga bayan labule. Ta haɗa wayar eriya kamar yadda ta ga kana yi. Ni na kamo tashar. Iska ta yi kyau ranar, murya ta fito tas kamar a ɗakin take. Da ma ka ji ta.

Aka gai da Tamale, aka gai da Maraɗi. Aka karanta sanarwar haihuwa daga Yamai. Aka yi ta'aziyyar wani bawan Allah na Garwa, mai gabatarwa ta yi shirun nan, muka ɗaga hannu muka yi masa addu'a, Onyekachi ya sunkuyar da kai. Na ce a raina kai ne na gaba. Sai aka ce Alhaji Mainasara mai atamfa, Kantin Kwari, yana gai da masoyansa. Sai kiɗan rufe shiri.

Can wayata ta yi ƙara. Amsa ce daga tashar, gajeriya, cikin ladabi. Sun ce sun riga sun yi ta'aziyyar wannan bawan Allah shekara uku da suka wuce, kuma suna roƙon a daina wasa da sunansa.

Iya Rofiat ta tambaya daga bayan labule me aka ce. Na kasa ɓoye mata, na karanta. Sai ta ce, "Malam Nafi'u, ashe ya riga ya ji tasa. Rofiat, kashe. Gobe a samu mai hawa ya sauke wayar nan daga bishiya."

Alhaji Mainasara, ga sunanka na kama, wanda ya hana ni ya tafi. Ban ce a yi maka komai ba. Ka ci gaba da gai da masoyanka. Amma ka sani kowane mutum ta'aziyya ɗaya gare shi, kai kuwa ka ɗauki ta wani ka kashe a kan dariyar yini guda. Idan kana da abin da za ka biya da shi, ka san inda yake kwance.

Ku kuma mutanensa na nesa, tunda iska ta ƙi ɗauka, ga takarda. Duk wanda wannan rubutu ya isa hannunsa, don Allah ya karanta wa na kusa da shi. Malam Harouna na Damagaram, in kana raye, bai yi maka ƙarya ba, kuma har ya kwanta ciwo yana tambayar gwiwarka. Telan Garwa da jama'arsa. Mutanen Tamale, da Kumasi, da Maraɗi, da Yamai, da Khartum. Ƙungiyar masu sauraro ta Fagge tana sanar da ku rasuwar Kamaldeen mai gajeren zango, Fagge, Kano.

Allah Ya jiƙanka, Malam Kamalu, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa haƙurin da ka haɗiye ya zame maka haske. Allah Ya sa addu'o'in da aka yi maka kana raye an ajiye maka su, ka tarar da su cif. Hajiya Silifat, Rofiat da ƙannenta, dangi na Fagge da na Kudu, Onyekachi da iyalinsa, Kubura da yayanta, Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya sa idan tamu ta zo mu cika da imani.

Jama'a, ku ɗaga hannu. Wannan karon da gaske ne. Na je, na gani, da hannuna na zuba ƙasa.